Kunamun da Yaya Ilyasu Ya Bar Mini a Jidda

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Ilyasu, kuma har yau idan na ambace shi a gaban tsofaffin Hindawiyya, unguwarmu a Makka, kafin su ce Allah ya jiƙansa sai sun yi murmushi sun ce, "Mai bindigogi?" Shi ɗin ne dai. Mutumin da bai taɓa yanka ko kaza da hannunsa ba, wanda idan hayaniya ta tashi a layi shi ne farkon shigewa gida ya turo ƙofa, shi aka sani da bindiga. Sana'arsa sayar wa alhazai akwatuna da jakunkuna ce a Aziziyya, a kanta ya yi furfura, amma ban taɓa jin wanda ya ce masa mai akwati ba. Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, a Makka aka haife mu duka, sunana Hajara, shi kuwa Hajo yake ce mini har ya koma ga Allah. Abin da ya sa na ɗauki biro a bana wata ajiya ce da ya bari a hannuna, wadda na rasa yadda zan yi da ita a watannin baya.

Sai na fara da bayanin bindigogin, don kada a ɗauka irin na 'yan sanda ne. Ƙananan libarba ne na zamanin da, abin da 'ya'yansa ke kira musaddas, wasunsu sun girmi kakanmu. Yaya yana ce musu "masu ƙusa", saboda harsashinsu. Kowane harsashi yana da wata 'yar ƙusa da ta tsiro a gefensa kusa da gindi. Idan aka zura shi a gidan harsashin nan mai juyawa, ƙusar kan leƙo ta wata 'yar tsaga, sai kunama, wato ƙarfen da ake ɗanawa da babban ɗan yatsa a bayan bindiga, ta sauko daga sama ta dake ta, wuta ta tashi. An daɗe da daina yin irin wannan harsashi. Yaya ya ce an bar shi ne don ba shi da amana, mutum na iya faɗowa daga kan raƙumi da shi a aljihu, ƙusar ta bugi dutse, ya harbi kansa bai ko taɓa bindiga ba. Ban sani ba ko gaskiya ne ko ƙarin gishirinsa ne, amma duk sanda ya ba da labarin sai ya yi dariya har da ƙwalla.

A cewarsa a Turai aka ƙera su, galibi Faransa da Beljiyam, suka shigo ƙasar nan a ɗamarar sojojin Turkawa da cikin kayan alhazan Masar da Sham da Magrib, a zamanin da ake tafiya Madina a kan raƙuma kuma ba kowa ke isa da kayansa ba. Ta farkon a haraj ya tsince ta, kasuwar tsofaffin kaya, ya je neman kwaɗon wani tsohon akwati sai ya gan ta kwance a tsakanin butocin gahawa. Daga ranar ya kamu. Harbi bai dame shi ba ko kaɗan, tambaya ce ta dame shi. Zai ɗauki guda ya juya ta, ya nuna maka inda ƙotar ta goge, ya ce wannan bahago ne ya riƙe ta. Zai nuna maka zanen ganye a jikin wata ya ce ta mai hali ce, to me ya raba shi da ita? Mutuwa ya yi a Mina aka raba kayansa, ko guzurin komawa gida ne ya ƙare? Akwai wadda kunamarta ta harbi take naɗewa ta kwanta don a sa ta a aljihu, ya rantse ta mace ce, ko da yake ba shi da wata hujja sai ƙanƙantarta. Duk wanda ya shiga ɗakinsa shan shayi sai ya fito da tarihin mutanen da ba wanda ya san sunansu. Yana da ruhusarsa, wato takardar izinin ajiye tsofaffin makamai daga hukuma, kuma ko ba a tambaye shi ba sai ya ɗauko ta ya nuna.

Abin da mutanen unguwa ba su sani ba, sai mu 'yan gida, shi ne babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa kwana a gidansa a haɗe. Tun yana saurayi Yaya ya ji a wurin karatu cewa bai halatta a ɗauki makami a cikin Makka ba, maganar ta zauna masa daram. Da ya fara tara su sai ya ƙirƙiro wa kansa dabara. Duk wadda ya saya, a ranar zai naɗe ta a tsumma, ya sa a mota, ya fita daga iyakar Harami, ya kama hanyar Jidda inda aure ya kai ni. Zai zauna a kan dardumar falona, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya fito da 'yar sukudirebarsa, ya kwance kunamar bayan nan da notinta, ya jefa a wani tsohon gwangwanin halawa, ya miƙo mini in ajiye. Gangar jikin kaɗai yake komawa da ita Makka. A lissafinsa, bindigar da ba ta da kunama ƙarfe ce kawai, ba ta fi cokali ba.

Na sha tsokanarsa a kan haka. Na ce, "Yaya, bindigar da harsashinta ya ƙare a duniya, wa za ta kashe? Ko sauro ba ta kashewa."

Sai ya ce, "Hajo, ke dai ajiye mini, ban da surutu."

Malaminsa ma ya gaya masa abin bai kai nan ba, hanin ya shafi wanda ya ɗauki makami don faɗa ko tsorata mutane ne, ba mai ajiyar tsohon ƙarfe a kabad ba. Yaya ya ce ya ji ya gode, Allah ya ƙara wa malam lafiya, washegari ya kama hanyar Jidda. Haka yake tun muna yara. Ba ya gardama da kowa, kuma ba ya fasa abin da ya yi niyya, kuma wannan haɗin ya fi taurin kan mai zafin baki ban haushi.

Idan kewar wata ta kama shi kuwa, sai ya ɗauko gangar jikinta ya taho da ita, da jarkar zamzam da burodin tamis mai ɗumi a kujerar baya. Ya zazzage gwangwanin a kan ƙyalle, ya sa yatsa ya tona, ya zaro kunamar da ta dace ba tare da ya yi wata-wata ba. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, domin a idona duk iri ɗaya ne, ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa. Shi ya ce da hannu aka gyara kowace ta zauna a jikin uwarta, ta wannan ba ta shiga waccan, ko ta shiga ba ta kamawa. Bai taɓa yi musu alama ba, bai ɗaura musu zare ba. Zai ɗaura noti, ya kai bindigar kusa da kunne, ya ɗana a hankali har ta ce ƙas, ya lumshe ido kamar wanda ya kurɓi shayin da ya ji na'ana'a, sannan ya sauke kunamar da yatsa, ba ya taɓa barinta ta faɗi da kanta. Daga nan mu ci abinci, mu yi gulmar dangi, la'asar ta yi ya sake kwancewa ya tafi.

Rashin lafiyarsa ba ta yi tsawo ba. Zuciya ce, aka kai shi asibiti, kafin mu gama shirin jinya an yi masa salla a Harami. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a mutuwar iyayenmu, domin shi ne mutum na ƙarshe da ya san ni tun ina rarrafe. Da aka raba gado bindigogin suka faɗa hannun babban ɗansa Abdulmajid, aka mayar da ruhusa da sunansa, suka ci gaba da zama a kabad ɗin gilashi a gidan Hindawiyya. Ba wanda ya tambaye ni gwangwani, ni ma ban tayar da maganar ba. Ya zauna a saman kabad ɗin kayana shekara da shekaru. Nakan sauko da shi jefi-jefi in buɗe, ƙanshin man keken ɗinki da na riɗi ya bugi hancina, in rufe in mayar.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Harajin da yake wuni a ciki yana tonon tarkace yanzu rabinsa ya koma cikin waya, mutum na kwance a gado yana ciniki. Abdulmajid ya taɓa nuna mini hotunan masu tara irin waɗannan bindigogi a ƙasashen da ban san sunansu ba, kowa na baje nasa, ana muhawara a kan wani ɗan hatimi da aka buga a jikin ƙarfe. Na tabbata da Yaya ya ga wannan da an nemi mai shagon akwati an rasa. Shi da ya rayu yana zaton shi kaɗai ne mai wannan larura tsakanin Makka da Jidda, sai ga 'yan uwansa jingim. Amma ina jin da sun gaji da shi da wuri, domin su shekarar ƙira da sunan masana'anta suke nema, shi kuwa bahagon da ya goge ƙotar yake nema, kuma wannan ba ya cikin waya.

Da ya ga tsofaffin unguwannin da aka rushe aka yi hanyoyi da dogayen gine-gine, na san zai yi jimami, don a lungunansu muka yi wasa. Sai dai na san shi, jimamin ba zai hana shi bin gidajen da ake kwashe kaya yana tambayar abin da aka samu a ƙasan akwatin kaka ba. Jirgin ƙasan da ke kai mutum Jidda kafin shayinsa ya huce kuwa ba zai burge shi ba, tunda ba za a bar shi ya shiga da tsummansa ba. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne jikokinsa, waɗanda idan na yi musu Hausa sai su kalli uwarsu ta fassara. Wataƙila da ya yi abin da ya saba, ya ce ya ji ya gode, ya ci gaba da yi musu Hausar.

Bara Allah ya yi wa mijina Malam Sani rasuwa. Allah bai ba mu haihuwa ba, ga gwiwoyi sun fara yi mini gardama, gidan kuma na haya ne. Ina fita takaba Abdulmajid ya ce ba zai yiwu in zauna ni kaɗai a Jidda ba, in dawo gidan ubansa, ga ɗaki, ga uwarsa Yaya Rabi za mu riƙa ɗebe wa juna kewa. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, wa zai ƙi ya ƙarasa kwanakinsa a Makka? Na fara haɗa kaya, na rarraba na rabawa, sai ranar da na hau kujera na sauko da gwangwanin na tsaya da shi a hannu. Ɗakin da aka ba ni bango ɗaya ya raba shi da kabad ɗin gilashi. Idan na shiga da gwangwanin nan, abin da Yaya ya ƙare rayuwarsa yana gujewa ni zan aikata shi da hannuna, bindigoginsa su haɗu da kunamunsu ƙarƙashin rufi ɗaya a cikin Harami. Idan na bar shi kuma, ba ni da kowa a Jidda da zan bar wa.

Na kira Abdulmajid na gaya masa. Yana aiki a wani otal ɗin alhazai, kullum a guje yake, Hausarsa kuma rabi da rabi ce.

"Ya Gwaggo, ma fi mushkila," ya ce. "Ki taho da shi kawai. Na tambayi shehi, ya ce ba komai. Ni ma ina so in haɗa su, duk wanda ya gani sai ya ce naƙisa ce, ba dik. Abuya, Allah yarhamu, wannan waswasi ne kawai."

Dik ɗin nan shi ne kunama a bakinsu, Abuya kuma Baba. Kuma gaskiyarsa ce ta kowane ɓangare. Kayan nasa ne halak malak, har da abin da ke cikin gwangwanin, malamai kuma ba su hana ba, ni kaina na sha kiran abin waswasi a gaban mai shi. Amma jin kalmar a bakin ɗansa ya ɓata mini rai fiye da yadda na zata. Na ce masa to, kafin in tashi ya kwaso su duka ya kawo Jidda, a haɗa su a nan inda ubansa ya saba haɗa su, in ya so daga baya a san abin yi. Ya yi ƙorafin aiki, ya yi ƙorafin zafi, na yi kunnen uwar shegu da shi har ya yarda.

Wata Asabar da hantsi suka iso shi da uwarsa, da akwati cike da tsummoki da takardar ruhusa a aljihun gaba. Falon ba komai sai darduma da kwalayen kaya. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na zazzage gwangwanin, ya jera gangunan jikin a gefe. A nan muka gane aikin da muka ɗauko. Ya ɗauki kunama ya gwada a wannan, ta ƙi, ya gwada a waccan, ta shiga tana lilo. Ya buɗe waya yana kwatanta hotuna, gumi na ɗiga daga haɓarsa, Yaya Rabi na cewa yatsunsa irin na danginta ne, kauri ba dabara. Ni da na kalli ana yin aikin nan shekaru ban iya tsinana komai ba, ashe duk zaman da nake yi bakina nake kallo da shi, ba idona ba.

Can wajen azahar ɗaya ta zauna. Ya ɗaura notin, ya sa babban ɗan yatsa ya ja, ta ce ƙas. Sai ya yi cak. Ya sauke ta ya sake ɗanawa, wannan karon kusa da kunne, ba tare da kowa ya ce ya yi haka ba. Ya ce, "Subhanallah. Ashe haka suke yi." A gida ɗaya ya tashi da bindigogin nan, yana ganinsu kullum tun bai san kansa ba, bai taɓa jin ƙararsu ba sai ranar. Na juya na shiga kicin ɗora shayi don kada su ga fuskata.

Bayan mun ci abinci ya ci gaba, ya samu wasu suka zauna, wasu suka ƙi fir. Yana cikin fama da wata mai farar ƙota sai ya ɗago ya ce, shi fa akwai abin da bai gane ba. In dai fita daga iyakar Harami ne abin, ai Tan'im ga ta nan a bakin gari, inda mutane ke zuwa ɗaura harami na umra su dawo kafin abinci ya huce. Me ya sa Abuya bai nemi wani a can ya ajiye masa ba, sai ya riƙa cin wannan doguwar hanya a tsohuwar motarsa mara sanyi? Duk tsokanar da na yi wa Yaya, wannan tambayar ba ta taɓa zo mini ba.

Yaya Rabi ta ajiye kofinta ta ce, "Ai an yi masa tayi. Abokinsa mai garejin nan bayan Tan'im ya ce ya kawo, har kabad zai ba shi da makulli. Ya ƙi." Ta dube ni. "Ke ma dai Hajo, da wayonki. Kin manta halin mijinki?"

Ban manta ba. Malam Sani, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, shi ya koya mini ma wannan rubutun da nake yi. Amma ba ya son zirga-zirgar dangi. Idan baƙo ya zo sau ɗaya zai yi masa fara'a, idan ya dawo da wuri sai gaisuwa ta gajarce. Farkon aurena na sha kaɗaici a Jidda, ba ɗa ba ƙawa, sai bango huɗu da ƙarar fanka. Ban taɓa kai ƙara gida ba.

Yaya Rabi ta ce, "Cewa yayanki ya yi, suruki yana gajiya da mai ziyara, amma ba ya hana mutum zuwa duba kayansa. Idan ya ajiye su a Tan'im, da wane dalili zai riƙa zuwa yana ganin idonki?"

Abin da na fara ji haushi ne, wallahi, haushin mutumin da ya bar ni ina yi masa dariya shekara da shekaru bai ce uffan ba. Daga baya ƙaunarsa ta taso mini. Har yau ban san yadda zan raba abin ba. Na yi imani tsoron Allahnsa na gaskiya ne, domin ya fara cire kunamun nan da zuciya ɗaya, kuma ko da ina zaune a Hindawiyya da sai ya nemo inda zai kai su. Amma inda ya zaɓa ya kai su, wannan nawa ne. Ina tuna lokutan da zai zo da bindigar da ya kawo makon da ya wuce, in ce masa ba ka gaji da jin ƙarar wannan ba, ya ce akwai abin da bai ji da kyau ba.

La'asar ta yi, ga bindigogi wasu a haɗe wasu a warwatse, ga motar kaya za ta zo jibi. Na ce wa Abdulmajid, kayanka ne, in ka ga dama ka zuba su a akwati a haɗe ka wuce, ba zan riƙe ka a zuciya ba, amma ni hannuna ba zai tsallaka da gwangwanin nan iyaka ba. Ya ci gaba da juya sukudireba. Sai na tambaye shi yaushe rabonsa da Su'ad, ƙanwarsa da aure ya kai Ɗa'ifa, garin da ke kan duwatsu wajen Harami.

Ya ce, "Kullum muna magana a waya, ya Gwaggo."

Na ce, "Ban tambaye ka waya ba."

Uwarsa ta amsa a madadinsa, ta ce tun sunan ɗan Su'ad, yaron kuwa yanzu yana gudu. Ba faɗa suka yi ba, aiki ne da gobe-gobe. Abdulmajid ya gane inda na dosa, ya fara kawo uzuri, hanyar Ɗa'ifa hawa ce, ga hazo, ga lokacin umra ya matso, ga mijin Su'ad bai san shi sosai ba. Muka bar shi ya gama. Da ya ga ba mai tanka masa sai ya ja tsaki, ya ce, "Tayyib, halas," ya jawo ta farkon da ya sha wahalar haɗawa ya fara kwance notinta. Ya so ya ɗaura wa waɗanda ya gano zare don kada ya sake wahala, na ce ubansa bai yi ba, amma wannan ban hana shi ba. Washegari ya ɗauki gwangwanin ya bi ta hanyar da ke zagaye Makka ta waje, ya kai wa ƙanwarsa.

Yanzu ina Hindawiyya. Da safe idan na fito alwala nakan wuce kabad ɗin, bindigogin na jere kowace da gurbi a bayanta. Shagon Aziziyya ya zama na sayar da waya, waɗanda ke ce wa Yaya mai bindigogi suna ta raguwa, kuma ba na yaudarar kaina, wata rana wani jika zai sayar da ƙarafan nan ga wanda bai san Ilyasu ba, shi ma ya juya ƙotar yana tambayar ko waye ya riƙe ta. Na yi zaton abin da ya bari shi ne bindigogin, ko kuma taurin kansa a kan iyakar Harami. Yanzu na fi ganin cewa abin da ya iya, wanda ban ga wani ya iya kamarsa ba, shi ne kula da mutum ba tare da ya ɗora masa nauyin godiya ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta, ya yafe masa dariyar da ya bar ni na yi.

Makon jiya Su'ad ta kira ni. Ta ce yayanta ya zo ya ƙara zuwa, har ya saba da mijinta, yaron ma ya daina ɓuya in ya gan shi. Mai farar ƙotar nan ce har yanzu ta gagare shi, duk zuwa sai ya taho da ita ya zazzage gwangwani ya yi ta gwaji, ya ci abinci, ya tafi yana cewa sai ya dawo. Sai ta rage murya ta ce, "Gwaggo, ni fa na gane wadda ta dace da ita. Tana da wata 'yar tsaga a gefe, tun zuwansa na biyu na lura. Ban faɗa masa ba."

Na ce mata kada ta kuskura ta faɗa.